Tambayi Lauya: Riƙon Yara Bayan an Rabu Baram-Baram

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: aure ya mutu da rigima, yara sun zama abin ja-in-ja. Lauyoyin wannan fili sun amsa bisa fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Jihar Sakkwato ke hukunci da shi, ban da tambayar ƙarshe da ta shafi auren rajista. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan da mijina ya sake ni. Ɗiyanmu uku: namiji mai shekara tara, mace mai shida, sai na goye. Ranar da zan fita ya ce in tafi da ƙaramin, manyan nasa ne. Yanzu ko gaisawa da su ba a bari in yi, kuma ya ce in na kai ƙara zai gaya wa alƙali ba ni da tarbiyya. Da gaske ne da an yaye yaro ya zama na uba? Uwar yara uku, Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ba gaskiya ba ne. Al'ada ce ta daɗe har aka ɗauka shari'a ce. Abin da ke cikin Risala, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan kuma alƙalai ke kafa hujja da ita tare da Mukhtasar na Khalil, shi ne riƙon yaro bayan saki, wanda malamai ke kira hadana, na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Babu zancen yaye a ciki. Maganar da ake yi cewa in yaro ya kai shekara bakwai sai a ba shi zaɓi tsakanin uwa da uba ra'ayin Shafi'iyya ne, ba da shi ake aiki a nan ba. Asalin hukuncin shi ne hadisin matar da ta kai kuka wurin Annabi (SAW) cewa mijinta ya sake ta yana son raba ta da ɗanta, ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Ko Sayyidina Umar da ya ɗauki ɗansa Asim a Ƙuba, kakar yaron ta wajen uwa ta ja da shi, ita Sayyidina Abubakar ya bai wa gaskiya.

Ki je ƙaramar kotun shari'a da ke da hurumi a unguwar da yaran suke, ki shigar da ƙara wurin rajistara, a ba shi sammaci. Kada ki tsaya a kan "a ba ni yarana" kawai. Ki nemi abu uku a ƙara ɗaya: a miƙa miki su, a yanka musu kuɗin ciyarwa, a kuma tsara yadda ubansu zai riƙa ganinsu. A zaman farko ki roƙi umarnin wucin gadi na ganinsu kafin a gama shari'a, domin ɗage zama ba wuya. Ki tafi da takardar saki, da takardun haihuwa ko katin rigakafi, da maza biyu masu mutunci da suka san zamanki da yaran. In babu kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA suna taimakawa, kuma a wannan kotun kina iya tsayawa da bakinki.

Ki hanzarta. Matar da ta bar yara wurin uba ta yi shiru tsawon lokaci babu uzuri, ana iya ɗaukar shirunta a matsayin ta sarayar da haƙƙinta, kuma abin da aka sarayar da gangan ba ya dawowa. In kin taɓa aika wani ya roƙa aka hana, wannan mutumin shaidarki ne.

Batun tarbiyya kuwa, faɗa da baki ba ya kayar da riƙo. Abin da alƙali ke dubawa sananne ne: hankali, iya ɗawainiyar yaro, amana, gida mai tsaro musamman ga 'ya mace, da rashin muguwar cuta mai yaɗuwa. Wanda ya yi zargi shi zai kawo shaidu da suka gani da ido. "Ta cika fita unguwa" ko "tana aiki a asibiti" ba hujja ba ne in akwai mai zama da yaran. In kuma ya kuskura ya jefe ki da alfasha babu shaidu huɗu, ya shiga ƙazafi, wanda haddinsa bulala 80 ne. Kafin a yanke hukunci dole alƙali ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda za a kayar ko yana da sauran hujja ko suka ga shaidun da aka kawo. Ki tabbata an yi, an kuma rubuta, saboda rashinsa na cikin abubuwan da ke sa kotun sama ta rushe hukunci a koma farko, ko da ke kika yi nasara.

TAMBAYA: Shekara biyu da rabuwarmu. Wata huɗu da suka wuce ta yi aure, ta tare da 'yata mai shekara biyar a gidan mijin. Ina da mata, ina da hali, ba na son 'yata ta tashi agola. Ba yanzu riƙo ya dawo hannuna ba? Magidanci, Runjin Sambo.

AMSA: Malam, rabin maganarka daidai ce. Riƙon uwa yana faɗuwa in ta auri wanda ba muharramin yarinyar ba, kuma daga tarewa ake lissafi, ba daga ɗaurin aure ba. Amma ba kanka yake faɗowa kai tsaye ba. Akwai layi, kuma dangin uwa ne a gaba: kakar yarinyar ta wajen uwa, sai kakar uwar, sai 'yar'uwar uwa, sai innar ita uwar, sannan mahaifiyarka, sannan kai. Maza da yawa a bakin kotu suke fara jin wannan, su fita suna cewa an zalunce su.

Inda kake da ƙafar tsayawa shi ne sharuɗɗan. Kakar da za ta karɓa dole gidanta ya zama daban da inda uwar take zaune, kuma yarinyar ta koma can da gaske. Abin da ake yawan yi shi ne a kawo kaka kotu ta ce ta karɓa, bayan sati biyu yarinya ta koma gidan mijin uwa. In haka ta faru, shaidun maƙwabta da rajistar makarantar da take zuwa za su nuna. Haka nan in kakar ta tsufa ƙwarai ko ba ta da lafiyar kula da yaro, sai a wuce ta zuwa ta gaba. In layi ya zo kanka, namiji ba ya riƙo sai yana da macen da za ta yi hidimar, kuma alƙali na da damar kiran matarka ya ji ta bakinta. Ka tambaye ta tsakani da Allah kafin ka shiga kotu. Yarinyar da aka ƙwato da ƙarfin shari'a aka miƙa wa matar uban da ba ta so, ba ta ci ribar komai ba.

Akwai wa'adi kuma. Wanda riƙo ya koma kansa, in ya san da auren ya yi shiru shekara guda babu uzuri, yarinya ta zauna wurin uwarta ke nan. Kai kana wata na huɗu, sai ka kai magana a kira kakar a ji matsayinta. Ita ma uwar ya kamata ta sani cewa in wannan auren ya mutu bayan an riga an karɓi yarinyar, riƙon ba ya komawa hannunta a ra'ayin da ya fi shahara wurin malaman Malikiyya.

Ko ina yarinyar ta zauna, walicci naka ne: kai ke da ta cewa a karatunta, kai ke kula da dukiyarta, kai za ka aurar da ita.

TAMBAYA: Kotu ta bai wa tsohuwar matata riƙon yaranmu biyu, ta ce ina da damar ganinsu. Duk ranar da na je sai an ce sun fita, ko yayyenta su tare ni a ƙofar gida. Sau ɗaya har ofishin 'yan sanda muka kai. Na daina ba da kuɗin abinci sai an bar ni na gan su, ita kuma ta ce ba zan gan su ba sai na biya. Mi ya kamata in yi? Uba mai neman mafita, Arkilla.

AMSA: Malam, ciwon yana cikin takardar hukuncin da ke hannunka. "Yana da damar ganin 'ya'yansa" jimla ce da ke wadatar da mutanen da suka rabu da mutunci. Ga waɗanda ba sa ga-maciji, ba ta da amfani, domin ba ta ce yaushe ba, ba ta ce a ina ba, ba ta ce wa zai kawo su ba. In ka koma ka ce an hana ka, za ta ce ka zo ba sanarwa yara suna Islamiyya, kuma alƙali ba shi da abin da zai kama ta da shi. Ba a hukunta mutum kan saɓa umarnin da ba a fayyace ba.

Haƙƙinka tabbatacce ne. Malikiyya sun ce uba na da ikon duba ɗansa, da ladabtar da shi, da tura shi makaranta, sai dai yaron wurin mai riƙo yake kwana. Ka koma kotun da ta yi hukuncin ka roƙi a fayyace wannan haƙƙin dalla-dalla. Ga irin abin da ya kamata ya shiga takarda.

Rana da lokaci a fayyace: misali kowace Asabar daga ƙarfe 10 na safe zuwa 5 na yamma, bayan an duba lokacin boko da Islamiyyar yaran. Wurin miƙawa kada ya zama ƙofar gidan da ake tare ka. A zaɓi gidan wani dattijo da kowa ke jin nauyinsa, ko zauren mai unguwa. A rubuta sunan wanda zai kai yaran ya dawo da su, goggo ko kawu, da sunan wanda zai maye gurbinsa in ba ya nan. Wannan ya dace da addini ma, tunda yanzu kai ba muharraminta ba ne, babu dalilin haɗuwarku. A rubuta iyakar jira, a ce minti 30, da abin da zai biyo baya in yaro ba shi da lafiya ko an yi rasuwa: ranar ramuwa a cikin sati guda. Rashin wannan layin kaɗai ya isa ya sa "zazzaɓi" ya riƙa kama yara duk Asabar.

Sai Sallah, wadda ta fi kowace rana haddasa faɗa. A raba tun yanzu: wa ke da ranar idi a ƙaramar Sallah, wa ke da ita a babba, a riƙa juyawa duk shekara, a kuma faɗi wanda zai ɗinka kaya. Dogon hutun makaranta, in ana son yara su kwana gidan uba, sai an rubuta adadin kwanakin, tunda asali ba a kwana sai da yarda ko umarnin alƙali. A sa ranar waya da lokacinta da wayar wanda za a kira. A sanar da shugaban makaranta a rubuce wa ke da izinin ɗaukar yaran, domin daga ƙofar makaranta ake yawan ɗauke yaro. In an kwantar da yaro asibiti, a sanar da ɗaya ɓangaren a ranar. Maganar yara kuma ta bi hanya ɗaya tak, saƙon waya a rubuce ko ta bakin wakili, kuma a hana aiken yaro da saƙo. "Ka gaya wa uwarka" da "ka gaya wa ubanka" su ne ke sa yaro ya fara ƙarya don ya tsira daga ɓangarorin biyu.

Shekarun yaro na canza tsarin. Na goye da wanda bai wuce shekara uku ba, ziyara gajera ce a kai a kai, awa ɗaya ko biyu sau biyu a sati, tare da wanda ya saba da shi. Wasu kan nemi a raba daidai, sati nan sati can. Ba mu ba masu rigima wannan shawarar. Tsari ne da ke buƙatar magana kullum a kan littafi da magani da kayan makaranta, kuma kowace miƙawa wata dama ce ta sabon faɗa.

In dattawa sun shiga tsakani an yi sulhu, madalla, amma a rubuta, kowa ya sa hannu, a kai wa alƙali ya mayar da shi hukuncin kotu. Sulhun zaure da ba a rubuta ba, ranar da aka saɓa babu mai tilastawa.

Yanzu ga inda ba za ka ji daɗinmu ba. Ka koma biyan kuɗin abinci yau, har da na watannin da ka riƙe. Ciyarwa haƙƙin yaran ne, ba kuɗin ƙofa ba ne, kuma uban da ya zo neman ziyara da bashin abinci a wuyansa ya raunana ƙararsa da hannunsa. Ita ma ba ta da ikon hana ka su don ba ka biya ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ta hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar da ka je, da wanda ya raka ka, da abin da aka ce. In an saɓa tsarin da aka rubuta, kotun za ka koma a yi mata sammaci kan saɓa umarni. 'Yan sanda ba su da hurumin raba riƙon yara, aikinsu raka ma'aikacin kotu in alƙali ya nema. Kuma duk yadda rai ya ɓaci, kada ka ɗauke su ka ƙi mayarwa.

Ga masu karatu mata da irin wannan wasiƙa ta shafa ta ɗaya gefen: in dalilin hanawar duka ne ko barazana, kada a ɓoye yara a yi shiru. A je asibitin gwamnati a karɓi rahoton likita, a kai wa alƙali, a roƙi ziyara ta zama a gaban wani amintacce. Tun 2021 Jihar Sakkwato na da dokar kare yara da dokar hana cin zarafi, waɗanda gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sa wa hannu.

TAMBAYA: Jikokina biyu suna hannuna tun da uwarsu ta yi aure. Shekara ɗaya da rabi ubansu bai aiko ko ƙwayar hatsi ba, alhali yana da shago. Zan iya karɓar na baya? Kaka, Gidan Igwai.

AMSA: Inna, Allah ya saka da alheri. Na gaba ba shi da wuya, na baya ne ke da sharaɗi. Ciyar da yaro wajibin uba ne, namiji har ya balaga yana iya nema, mace har ta tare gidan miji, kuma mai riƙo ita ke karɓa. Sai dai kuɗin da ya wuce yana faɗuwa da wucewar lokaci, in ba ɗayan biyu ba: ko alƙali ya riga ya yanka, ko wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, ba kyauta ba. In kin taɓa faɗa a gaban mutane cewa bashi kike bin sa, ko kin aika an tambaye shi, ki kawo su, kuma ana iya neman ki rantse. Shi ya sa ba a jinkirta kai ƙarar ciyarwa: daga ranar da aka yanka, duk watan da bai biya ba bashi ne a kansa.

Kada ki je ki ce "a duba mana". Ki sa a rubuta miki lissafin wata guda: kwano nawa na gero da shinkafa, mai, cefane, sabulu, itace ko gawayi, kuɗin makaranta na zango da na Islamiyya, magani, tufafi, da rabon yaran a kuɗin haya in haya kike. Alƙali zai auna da ƙarfin uban, don haka ki zo da wanda ya san shagon. A rubuta adadi, da ranar biya a wata, da hanyar biya: asusun banki ko ta hannun kotu da rasit, ba a hannun yaro ba. Kuɗin makaranta gara ya biya kai tsaye can ya kawo rasit. Tunda farashi ba ya tsayawa, ki roƙi a sa cewa za a sake dubawa duk shekara. Ladan riƙo shi kansa ba a biya a Malikiyya, amma uwar da aka saka tana shayarwa tana da ladan shayarwa, kamar yadda aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta faɗa.

TAMBAYA: An yi wa uban ɗana canjin wurin aiki zuwa Kaduna, ya ce da yaron zai tafi. Yana da wannan ikon? Malamar makaranta, Tudun Wada.

AMSA: Malama, a nan sai kin shirya, domin fiƙihu ya ba shi ƙofa. In waliyyi zai ƙaura ƙaurar zama zuwa nisan baridi shida ko fiye, wato wajen kilomita 130, kuma hanya da garin suna da aminci, yana iya neman tafiya da yaron, sai in mai riƙo za ta koma can ita ma. Bodinga ko Wurno ba su kai ba, Gusau da Kaduna sun wuce. Amma ba shi zai yanke wa kansa ba, sai ya je kotu ya tabbatar cewa zama ne na dindindin, ba aikin shekara ɗaya ko fatauci ba. Ke kuma ki tsaya a kan amincin hanya, da wadda za ta kula da yaron a can, da karatunsa da zai katse. Hukuncin yana hawa kanki ma in ke ce za ki ƙaura. In kina tsoron a wuce da shi kafin zama, ki nemi umarnin hana fitar da shi daga jihar, musamman in akwai dangi a Ƙonni ko wani gari a Nijar, domin hukuncin kotun Sakkwato ba ya aiki da kansa a ƙetaren iyakar Illela.

In hukunci bai yi miki daɗi ba, kwana 30 ne wa'adin ɗaukaka ƙara. Ki nemi kwafin shari'a a ranar. Daga ƙaramar kotu sai babbar kotun shari'a, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya bai wa hurumi a kan aure da riƙon yara, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da ke da reshe a nan Sakkwato.

TAMBAYA: Mu Kirista ne, auren coci da rajista muka yi. Duk wannan ya shafe mu? Ma'aikaciyar jinya, Sakkwato.

AMSA: A'a, 'yar'uwa. Naku yana Babbar Kotun Jiha, ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970. Sashe na 71 ya ce maslahar yaran ita ce gaba da komai, babu jerin dangi, kuma sake aure ba ya kayar da riƙo da kansa. Alƙali zai duba shekarun yaran, wurin wanda suka saba, gida, makaranta da halin kowannenku, yana kuma iya neman rahoton jami'in jin daɗin jama'a da zai ziyarci gidajen biyu. Ki sa lauyanki ya haɗa buƙatar riƙo da ta ciyarwa a cikin takardar neman raba auren tun farko, ya kuma rubuta tsarin ziyara da rana da lokaci da wurin miƙawa kamar yadda muka zayyana wa mai tambaya daga Arkilla.